Tace Bayanan Taswira: Me Ake Gogewa Daga Dajin Birnin Gwari?

 

       

An nemi in yi magana a kan yadda ake tace bayanan ƙasa da aka jera gida-gida a kwamfuta, ta hanyar wata 'yar manhaja da ake ba umarni a rubuce. Na san da jin wannan wani dattijo zai ce zancen 'yan boko ne, ba ruwansa. Baba, da ruwanka. Shekarun da aka kwashe hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa sai da rakiya, hanyar Funtuwa kuma sai wanda ya sayar da rai, masu auna ƙasa da masu bincike da yawa sun daina shiga wannan daji. Taswirar da ke cikin kwamfuta ita ta maye gurbin ƙafa. Da ita ake shawarar inda za a haƙa rijiya, inda za a sa kwalbati, inda za a ba da lasisin ma'adinai. Kuma kusan kowace irin wannan taswira sai an tace ta kafin ta iso teburin mai yanke hukunci. To wa ya tace ta? Me ya goge?

Na ɗaya: mene ne waɗannan bayanai, kuma daga ina suka zo?

A ɗauki ƙasar Birnin Gwari, wadda ta haura murabba'in kilomita 6,000, a raba ta gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. A cikin kowane gida a rubuta lamba ɗaya. Idan lambar tsayin ƙasa ce daga teku, an samu taswirar tudu da kwari. Idan yawan ruwan sama ce, an samu taswirar damina. Idan koren ganye ce, an samu ta daji. Shi ke nan. Launukan da kuke gani, ja da kore da shuɗi, daga baya ake shafa su. Lambobi ne a ƙasa.

Lambobin tsayi da aka fi amfani da su sun samo asali ne daga watan Fabrairu na shekarar 2000, lokacin da kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi kwana 11 yana kewaya duniya da na'urar rada. Ana kiran aikin SRTM. Da farko mai mita 90 aka sakar wa duniya. Sai a 2014 aka saki na Afirka mai mita 30. Hotunan ciyayi da bishiyoyi kuwa daga taurarin ɗan adam na Landsat suke zuwa, masu mita 30, da na Sentinel-2 na Turai, masu mita 10. Akwai kuma na gida: tsakanin 2005 da 2009 kamfanin Fugro ya yi wa Hukumar Binciken Ma'adinai ta Nijeriya awon maganaɗisun ƙasa da jirgin sama. Jirgin yana tafiya ƙasa-ƙasa, kimanin mita 80 daga doron ƙasa, a kan layuka masu tazarar mita 500 tsakaninsu. Ku riƙe wannan 500 ɗin, za mu dawo kanta.

Na biyu: me ya sa ake tacewa tun farko?

Domin babu awon da ba shi da ƙura. Rada ba ta san bambancin ƙasa da kan bishiya ba. Abin da ta fara bugawa shi take rubutawa. Fabrairu rani ne, ciyawa ta ƙone, yawancin itatuwa sun kaɗe, don haka a fili awon bai yi nisa da gaskiya ba. Amma ku dubi bakin kogin Mariga, wanda ya raba Kamuku da dajin Kuyambana na Zamfara. Kurmin bakin ruwa kore yake shar ko da rani. Sai rada ta auna kan kurmin, kwarin ya fito kamar ya fi gefensa tudu. Idan ka ba kwamfuta wannan ka ce ta nuna maka inda ruwa zai bi, tana iya kai shi inda ko a watan Agusta ba ya zuwa. Ga kuma ɗigo-ɗigon kuskure da na'ura ke yi da kanta, gida ɗaya ya yi tsalle sama, na kusa da shi ya faɗa ƙasa. Duk mai son zana layukan tsayi masu karantuwa, ko lissafin gangara, dole ya rage wannan ƙura. Ba na cikin masu cewa tacewa ha'inci ne. Aiki ne na wajibi.

Na uku: manhajar da yadda ake ba ta umarni.

Sunanta grdfilter, ɗaya ce daga cikin tarin manhajojin GMT, waɗanda wasu ɗalibai biyu, Paul Wessel da Walter Smith, suka fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1980 suna karatu a cibiyar Lamont-Doherty ta Jami'ar Columbia a Amurka. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, kuma tsohuwar kwamfutar hannu tana ɗaukarta. Ba ta da maɓallan latsawa. Baƙin allo ne, ka rubuta, ta aikata. Ɗalibai, ku ɗauki biro. Ga layin da zai yanko mana yankinmu:

gmt grdcut @earth_relief_01s -R6/7/10.3/11.3 -Gtsayi.nc

Wato daga digiri 6 zuwa 7 gabas, daga 10.3 zuwa 11.3 arewa. Gida 3,600 a kwance, 3,600 a tsaye, kusan gida miliyan 13. Wannan matakin ne kawai ke bukatar intanet. Ga kuma na tacewar:

gmt grdfilter tsayi.nc -Fg3 -D2 -Gsumul.nc

Abu uku aka faɗa mata. Harafin G ya ba da sunan sabon fayil. Harafin D ya gaya mata yadda za ta auna nisa: lamba 2 na nufin taswirar da digiri take, amma faɗin tacewar da kilomita za a lissafa. Wanda ya sa sifiri a nan alhali taswirarsa da digiri take, to 3 ɗin da ya rubuta ta zama digiri 3, sama da kilomita 300, ya haɗa Birnin Gwari da Minna da Gusau ya dama. Manhajar ba za ta yi masa gargaɗi ba, abin da ya ce ta yi. Harafin F kuwa shi ne zuciyar aikin, don shi ke faɗin irin matacin da kuma faɗinsa.

Na huɗu: wane irin mataci?

A nan zan ɗan jinkirta, mu yi lissafi tare. Mu ƙaddara ga gida tara, uku-uku, a wani wuri cikin daji, tsayinsu da mita: 520, 521, 519, 522, 580, 520, 518, 521, 520. Kun ga na tsakiyar ya fita daban, 580. Aikin mataci shi ne ya dubi gida da maƙwabtansa ya ba shi sabuwar lamba.

Hanya ta farko, harafin b: a tara duka a raba tara. Jimla 4,741, a raba, ya ba da kusan 527. To ku lura da abin da ya faru. 580 ta sauko, gaskiya ne, amma ba ta ɓace ba, an shafa ta ne a jikin maƙwabta. Yanzu kowane gida da ke kewaye ya ƙaru da kusan mita bakwai da ba nasa ba.

Hanya ta biyu, harafin g, wadda ke ɗauke da sunan masanin lissafi Bajamushe Carl Friedrich Gauss: ita ma tarawa ce da rabawa, sai dai maƙwabcin kusa ya fi na nesa nauyi. Ita ta fi ba da taswira mai santsi, kuma ita aka fi amfani da ita.

Hanya ta uku, harafin m: ba a tara komai. A jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki ta tsakiya. 518, 519, 520, 520, 520, 521, 521, 522, 580. Ta biyar ita ce 520. 580 ta tafi gaba ɗaya, ba ta ɓata wa kowa lamba ba. Idan kuskuren na'ura ne, madalla, babu abin da ya fi wannan. Kuma wannan hanyar tana barin bakin gaɓa da kaifinsa, ba ta kwantar da shi. Illarta ita ce nauyi. A kan gida miliyan 13, in an faɗaɗa ta, sai ka bar kwamfutar tana aiki ka je ka yi salla ka dawo.

Amma ina da tambaya. Wa ya ce 580 ɗin kuskure ce? Wannan ƙasa ce ta duwatsu masu tashi su kaɗai a tsakiyar fili. Kamuku tana da Goron Dutse, tana da Tsaunin Rema, tana da ƙananansu da ba su da suna a kowace takarda sai a bakin mafarauta. Idan ɗan tsauni ne na gaske, to mai tacewa ya rushe dutse da harafi ɗaya. Kwamfuta ba ta da hanyar sani. Mafarauci ya sani, makiyayi ya sani, ma'aikacin gandun daji da ya yi sintiri a wurin ya sani.

Akwai kuma harafin p, mai ɗaukar lambar da ta fi rinjaye a unguwa. Irinsa ake nema idan lambobin suna ne kawai, misali 1 daji, 2 gona, 3 ruwa. A irin wannan taswira tarawa da rabawa ɓarna ce: ka haɗa daji da ruwa ka raba biyu, kwamfuta ta ce maka gona ce.

Na biyar, kuma shi ne abin da ya kawo ni: faɗin matacin.

Lambar 3 da muka rubuta bayan g tana nufin da'ira mai faɗin kilomita uku. Kafin a ba gida ɗaya sabuwar lambarsa, sai an tambayi gida fiye da 7,000 da ke kewaye da shi. A tsarin GMT, wannan faɗi ninki shida ne na abin da masu lissafi ke kira sigma, don haka nauyin ya fi taruwa a cikin rabin kilomita na tsakiya. Duk da haka, ƙorama mai faɗin mita 20 ta tafi. Kwazazzabon da ke cin gefen hanya ya tafi. 'Yar fadamar da mutum goma ke noman rani a cikinta ta tafi. Abin da ya rage shi ne babban fasalin ƙasa, yadda ta gangara daga arewa zuwa kudu, inda manyan kwaruruka suke.

Iyayenmu mata sun san wannan. Mai tuwo tana tankaɗe don gari take so, tsakin da ya rage a rariya ba ta da bukatarsa a tukunya. Mai kaji kuwa tsakin take nema. Kuma girman idon rariyar shi ke yanke abin da zai zama gari da abin da zai zama tsaki. Haka faɗin mataci yake. Manhajar ma ta tanadi hanyar mai kaji: ka ƙara +h a ƙarshen umarnin F, sai ta zubar da babban fasalin ta ba ka ƙananan abubuwan da da za a goge. Ina roƙon duk mai wannan aiki, in ya tace, ya buɗe wannan ragowar ya dube ta da idonsa. Idan ɗigo-ɗigo ne barkatai, ƙura ya cire. Idan ya ga siffar rafi, ko layin hanya, ko wani abu mai kama da gari, to ya cire abin da ba ƙura ba.

Na ce gari, kuma da gangan na faɗa. Ku yi tunanin taswirar daji da aka yi daga hoton Landsat. Ruga mai bukka biyar da garke ba ta wuce gida biyu ko uku ba a cikinta. Haka ƙaramar tunga, haka sabon saran gona, haka wurin da aka sare doka da kawo aka ƙona gawayi. Mai son taswirarsa ta fito fes a rahoto zai sa matacin rinjaye, ɗigon nan duk su koma kore. Taswira ta yi kyau, ta ce babu kowa a nan. Wanda ke rabon allurar rigakafi ya duba, babu kowa. Mai lissafin inda za a gina makaranta ya duba, babu kowa. Mai kula da gandun daji ya duba, ya ce itace na nan lafiya, alhali ana cin sa ta ciki, kadada ɗaya nan, rabin kadada can. Mun ga darajar waɗannan ɗigo a yaƙin da aka yi da shan inna. A shekarun 2010, da aka koma zana taswirar ƙauyukan Arewa daga hoton tauraron ɗan adam, an gano ƙananan matsugunai da ba sa cikin taswirar hannu ta masu rigakafi, aka kai musu. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Da an bi waɗannan ɗigo da mataci, yaran da ke cikinsu fa?

Kamuku kanta tun 1936 aka keɓe ta a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 ta zama gandun ƙasa, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 1,120. Wuri mai wannan girma, da ma'aikata ba sa iya ratsa ko'ina nasa, ido daga sama ne kusan kaɗai shaidar abin da ke faruwa da bishiyoyinsa. Bai kamata a dushe wannan idon don neman kyan takarda ba.

Na shida: zinariya da dalma.

Ba zan zo Birnin Gwari in tsallake zancen zinariya ba. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1930, ake haƙarta a wajajen Tsohon Birnin Gwari da Kwaga. Yau kuma ana yawo da taswirori masu launi a waya, ana nuna wa masu kuɗi jan wuri ana cewa ga ta nan. Ku ji da kyau: maganaɗisu ba ya jan zinariya, awon jirgin nan bai ga zinariya ba. Abin da yake nunawa shi ne bambancin duwatsun ƙarƙashin ƙasa da tsagogin da ke tsakaninsu. Masana suna bin waɗannan tsagogi ne saboda a cikinsu ake samun jijiyar farin dutsen da wani lokaci ke ɗauke da zinariya. Don su fito da su, sukan cire babban fasalin su bar ƙananan, wato aikin +h. Hanya ce ingantacciya a hannun wanda ya sani.

Sai ku tuna 500 ɗin nan. Jirgin bai auna komai ba tsakanin layi da layi. Kwamfuta ce ta cike gurbin da kintace. Jijiyar da mai haƙa ke bi kuwa wani lokaci ba ta kai faɗin tabarma ba. Duk wanda ya nuna maka ɗigo mai faɗin mita 50 a irin wannan taswira ya ce nan za ka haƙa, yana nuna maka abin da matacinsa ya ƙirƙira. Ƙari a kan haka, muna kusa da layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu, inda alamun ke miƙewa gabas da yamma, har dutse mai ƙarfin maganaɗisu ya fito da lamba ƙasa da ta kewayensa. Kafin ka sayar da shanu, kai taswirar sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ofishin hukumar ma'adinai a Kaduna, a karanta maka.

Ɗaya fuskar ta fi tayar mini da hankali. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A 2015 ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabtanmu na kudu. Idan aka auna dalma a ƙasar ƙauye, gida ɗaya da ake niƙa dutse a tsakar gidansa zai fito da lamba mai ban tsoro, maƙwabtansa kuwa ƙasa-ƙasa. Wannan ita ce 580 ɗinmu ta ɗazu. Ka sa matacin tsakiya, ta ɓace. Ka sa na tarawa da rabawa, ta narke a cikin unguwa har ta sauko ƙasa da ma'aunin haɗari. Yaro kuwa a tsakar gidan nan yake rarrafe. A irin wannan awo, in dole sai an tace, akwai harafin u, mai ɗaukar lamba mafi girma a kewaye. Gara taswira ta faɗaɗa wurin haɗari da ta ɓoye shi.

Na bakwai, a taƙaice: gefe da gurbi. Gidan da ke bakin taswira ba shi da maƙwabta ta ɓangare ɗaya, don haka lambarsa ba abin dogaro ba ce; ku yanko yanki ya fi bukatarku faɗi, ku tace, sannan ku datse gefen. Hoton damina kuma cike yake da gurabun da gajimare ya rufe. In ba ka hana ta ba, grdfilter za ta cike su daga maƙwabta, wurin da ba a gani ba ya fito kamar an gani. Harafin N ne ke kula da wannan. Ka rubuta -Nr gurbi ya zauna a matsayin gurbi.

Na takwas: me ya sa na dage a kan umarnin rubutu, alhali akwai manhajoji masu maɓalli irin su QGIS, waɗanda su ma kyauta ne kuma suna da kyau? Saboda layin da ka rubuta shaida ne. Wanda ya latsa maɓalli goma, bayan wata shida shi kansa ba zai tuna wanne ya latsa ba. Layi ɗaya kuwa ana iya buga shi a ƙasan taswira, a tura shi ta waya, wani ɗalibi a Kaduna ko Maraɗi ya maimaita ya ga ko abu ɗaya zai samu. In ya canja 3 ta koma 1 ya ga rafin da ya ɓace ya dawo, yana da hujjar da zai tsaya a kanta.

Saboda haka ina da roƙo. Ɗalibai da ma'aikata, kada ku taɓa rubuta sabon fayil a kan na asali, kuma kowace taswira ta fita daga hannunku da layin umarninta a jiki. Iyayenmu hakimai da dagatai, duk ranar da wani ya shimfiɗa muku taswira yana neman sa hannu, ko kan fili, ko kan burtali, ko kan ma'adinai, kuna da ikon ku tambaye shi abu uku: wace shekara aka yi awon, mita nawa ne gida ɗaya, kuma da wane faɗi aka tace. Sannan ku sa ya nuna muku tungar da kuka sani, da rafin da kuka sani. Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta garin nan a ƙarshen 2024 mutane sun fara komawa gonakin da suka bari, Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Wannan dama ce ta a ɗauki taswirorin da aka zana daga nesa, a shiga da su daji tare da waɗanda suka san shi, a gwada su gida-gida.

Mai girma shugaban zama, a nan zan dakata.  Kwamfutar tana nan a kunne da taswirar yankinmu a ciki; duk mai tambaya, ko mai gyara, ko wanda ke son a nemo ƙauyensu a gwada matacin a kansa kowa ya gani, bismillah, fili nasa ne.